Jan Layi Goma

Ranar da aka tara iyaye a ɗakin taron makarantar mishan, Matar Kawu gyangyaɗi take yi. Tsigi na zaune kusa da ita a kan benci, cikin sabon yunifom shuɗi da ya yi mata yawa, tana jin kunyar yadda kan matar ke faɗowa kafaɗarta. An yi addu'ar buɗewa, an yi waƙa, Shugabar makaranta ta lissafa abin da kowace yarinya za ta samu kyauta: karatu, littattafai, yunifom, takalmi da abincin rana. Duk wannan bai tashi Matar Kawu ba, don ba 'yarta ce ta samu ba. 'Yar ƙanwar mijinta ce, marainiyar da aka ajiye musu, wadda kowa ke kira Tsigi saboda ƙanƙantar jikinta. 'Yarta ta cikinta, wadda take kira Gimbiya, tare suka zauna jarrabawar shiga da Tsigi, ta faɗi warwas.

Sai Shugaba ta gyara tabarau ta zo kan dokoki.

"Ƙarfe bakwai da rabi ake kaɗa ƙararrawa a rufe ƙofa. Wadda ta zo bayan nan, za a ja mata jan layi a rajista. Jan layi goma a zango ɗaya, ta rasa gurbinta. Amma ba ma son mu rufe wa gida ƙofar da Ubangiji ya buɗe masa. Saboda haka hukumar makaranta ta yanke cewa in yarinya ta fita, gurbin ba zai bar gidansu ba. Wata yarinyar gidan za a ba, ba sai ta sake jarrabawa ba."

Aka yi tafi. Tsigi ta ji nauyi ya ɗauke daga kafaɗarta. Matar Kawu ta miƙe zaune, barci ya washe kamar ba ita ba, har da ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, ko da ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne?"

"In dai tukunya ɗaya suke ci, gida ɗaya ne," in ji Shugaba, tana murmushin jin daɗin an fahimce ta.

"Allah ya saka da alheri," in ji Matar Kawu. A hanyar gida har waƙar da aka yi a taron take rerawa.

Kiwon kajin ƙwai Matar Kawu take yi a bayan gida, sun kai ɗari biyu, kuma tun zuwan Tsigi aikinsu ya koma hannunta: kwashe kashi, canza ɓuntu, wanke mazubin ruwa, zuba abinci, tsince ƙwai a goge a jera a kiret. Da yamma ake yin mai wuyar, da safe abinci kawai ake zubawa. Sati biyu da fara makaranta, Matar Kawu ta canza tsarin.

"Daga yau da safe za a riƙa share ɗakin kajin nan. Likitan dabbobi ya ce sharar yamma na sa musu mura."

"Mama, zan makara."

"To ki tashi da wuri mana. Ko ni zan yi miki, don kin zama 'yar boko?"

Tsigi ta tashi da wuri. Ta share, ta wanke, ta zuba, ta yi wanka da sauri, ta fita da gudu. Tafiyar minti ashirin da biyar ce a ƙafa, in an bi ta bayan gareji aka tsallake babban titi. Ta isa saura minti uku. Washegari ma haka. Rana ta uku ta tarar an sa wa famfon tsakar gida kwaɗo, wai ana ɓarnar ruwa, kuma makullin na ɗakin Matar Kawu, wadda ba ta buɗe ƙofarta ba sai bakwai da kwata.

Ranar ta fara sanin yadda ake yi wa wadda ta makara. Mai gadi, wani tsoho mai guntun yatsa, ya buɗe mata ƙaramar ƙofa, ya nuna mata tsakuwar da ke gaban ɗakin sujada. A nan ake durƙusawa har a gama addu'ar safe. Tana jin muryoyin 'yan ajinsu ta taga suna waƙar da ta fi so, ita kuwa tsakuwa na cin gwiwarta. Da aka fito, malamin ladabtarwa ya zo da rajista da jan biro, ya tambayi lambarta, ya ja layi bai ko ɗaga kai ya dube ta ba.

Tsigi na son makarantar nan kamar ranta. A can ne kaɗai take da wurin zama nata, tebur mai aljihu da ba wanda zai buɗe. A can ake zuba mata abinci a faranti daidai da na kowa. A can Malamar aji, wata doguwa mai saurin magana, ta ɗaga littafin lissafinta a gaban aji ta ce, "Ku dubi aikin wannan 'yar mitsitsiyar, ku da kuka fi ta cin abinci." Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, rabonta da dariya har ta manta. Don haka ba ta zauna ta zuba ido ba. Ta fara ɗibar ruwa da yamma tana ɓoyewa a jarka bayan buhunan abincin kaji.

Kwana huɗu dabarar ta yi aiki. Rana ta biyar ta tarar da jarkar a kwance, murfi a buɗe, ruwan ya jiƙa buhu guda. Ta sha mari biyu a kan buhun, ta kuma sha jan layi na biyu.

Daga nan Matar Kawu ta daina wahalar da kanta wajen neman dalili mai kyau. Yau takalmi ɗaya ya ɓace, sai bakwai da rabi a gan shi a saman ɗakin kaji. Gobe mai shagon bakin titi na son kiret uku da sassafe, alhali kowa ya san ba ya buɗewa sai takwas saura, kuma an ce kada ta kuskura ta ajiye ƙwai a ƙofar shago ta tafi. Jibi ciwon baya ya tashi, sai an danna. Ba kullum ake yi ba, matar ba wawuya ba ce. Sau ɗaya ko biyu a sati, yadda zai yi kama da halin yarinya. Kafin a kai tsakiyar zango, layi shida ne a gaban lambar Tsigi, gwiwoyinta sun yi kanta, 'yan aji sun fara matsawa daga kusa da ita suna toshe hanci, don ranar da ba ruwa haka take zuwa da warin kaji.

Ta yi ta maza ta sami Kawu. Kafinta ne, dattijo ne kuma a coci, mutumin da ake kira sulhu in ma'aurata sun saɓa. Ta same shi a rumfarsa ta ƙofar gida yana goge ƙafar kujera, ta durƙusa.

"Kawu, saura layi huɗu a kore ni."

"Wane layi?"

Ta yi masa bayani, har da famfo da takalmi. Bai daina gugar ba.

"Yanzu ƙarar matata kika kawo min?"

"A'a, Kawu. Cewa na yi ko za a bar ni in riƙa yin aikin da yamma."

"Ke yarinya ce, ba ki san abin da ake kira riƙo ba. Matar nan ba ita ta haife ki ba, amma ta ba ki wurin kwana, ta ba ki ci. Da uwarki ta rasu wa ya ce zai ɗauke ki? Kowa kallon ƙasa ya yi. Ɗan aikin da za ki taya ta shi ne ya zama abin magana? Harkar cikin gida ta mata ce, ni ba na shiga." Ya hure ƙurar katako, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Kuma ko me ya faru, ai abin bai fita daga gida ba."

A nan ta gane ya sani. Ta tashi ta koma cikin gida. Da ma duka ya yi mata, da ya fi sauƙi.

Malamar aji ce kaɗai ta lura cewa yarinyar da ba ta taɓa zuwa ba ta yi aikin da aka ba su daga makaranta ba, ba za ta zama malalaciya wajen tashi ba. Ranar layi na bakwai ta riƙe ta lokacin hutun tara, ta rufe ƙofar aji.

"Nuna min hannunki."

Tsigi ta miƙa. Duk sun faffashe.

"Ƙarfe nawa kike tashi?"

"Biyar, Malama."

"Biyar, ki zo bakwai da arba'in? A wata ƙasar kike kwana? Faɗa min gaskiya, ba mai jin mu."

Ta faɗa. Ba duka ba, amma abin da ta faɗa ya isa ya sa Malama ta cije leɓe. Malamar ta kai maganar ofis ranar, Shugaba kuma ta yi abin da tsari ya ce: a kai ziyara gida. Sai dai makarantar mishan ba ta faɗa wa mutane gida kamar 'yan sanda, ladabi ya hana. Aka buga takarda mai hatimi, aka rubuta rana da lokaci, aka sa a ambulan, aka ba Tsigi ta kai wa Matar Kawu da hannunta.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, gidan ya sha shara. An cire kwaɗon famfo. An ɗauke tabarmar Tsigi daga ɗakin ajiya an kai ɗakin Gimbiya, har da filo. Shugaba da Malamar aji da Faston makaranta suka zauna a falo, aka kawo musu lemo mai sanyi. Kawu ya sa rigarsa ta zuwa coci, Fasto ma ya san shi, suka gaisa da hannu bibbiyu. Matar Kawu ba ta jira a tambaye ta ba.

"Wallahi kun kyauta da kuka zo, ni abin ya fi ƙarfina. Sau uku nake tashinta. Barci kamar an yi mata asiri. In na yi magana a ce don ba ni na haife ta ba, in na yi shiru a ce na ƙyale ta ta lalace. Ni ya zan yi da raina?" Ta goge ido da bakin zane. "Ga Gimbiya nan, ƙarfe shida ta gama shiri. Tarbiyya ɗaya nake ba su."

Malama ta ce, "Ina son in yi magana da yarinyar ita kaɗai."

"Haba Malama," in ji Fasto, "gidan dattijo muka zo. Ba abin ɓoyo tsakanin 'ya da iyayenta."

Shugaba ta juyo ta dubi Tsigi, wadda ke tsaye jikin ƙofa.

"'Yata, kada ki ji tsoro. Akwai wanda ke hana ki zuwa makaranta da wuri a gidan nan?"

Wace irin tambaya ce wannan, a falon matar, da lemon matar a hannu? Baƙi za su tashi nan da rabin awa su shiga mota, ita kuwa a nan za ta kwana. Tsigi ta dubi Malama, ta dubi Matar Kawu da ke mata murmushi, ta sunkuyar da kai.

"Babu."

"Kin ji ko?" in ji Shugaba, tana duban Malama. Aka riƙe hannuwa aka yi addu'a Allah ya cire wa yarinya ruhun kasala. Da za su tafi aka sa musu kiret ɗin ƙwai a bayan mota, Shugaba ta ƙi, aka matsa, ta karɓa saboda ɗakin girkin makaranta.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba aka mayar da tabarmar ɗakin ajiya. Matar Kawu ta kama kunnen Tsigi ta murɗe.

"Ni za ki kai ƙara wurin baƙi? Munafuka. Ki ci nawa, ki sha nawa, ki je ki zubar min da mutunci. Za ki gane kurenki."

Na takwas da na tara a sati ɗaya suka zo. Saura kwana goma sha ɗaya a yi hutu. Tsigi ta daina cin abincin safe, ta daina wanka, ta koma kwana da takalminta a ƙarƙashin kai. Kwana shida tana isa kafin ƙararrawa, wani lokacin da daƙiƙoƙi, har mai gadi ya fara tsayawa a bakin titi yana ɗaga mata hannu ta yi sauri. Ta fara sa rai.

Ranar Talata ta gama da kaji ƙarfe bakwai saura kwata, ta shiga ɗakin ajiya ɗaukar yunifom a ƙusar da take rataye shi. Ba ya nan. A tsakar gida ta gan shi, riga da siket, cikin baho, sun nutse a ruwan sabulu.

"Na ga ya yi datti ne na ce bari in taimaka miki," in ji Matar Kawu daga bakin ƙofar kicin. "Ko shi ma laifi ne?"

Ba a shiga makarantar da kayan gida. Tsigi ta tsamo su ta matse. Famfo na kulle, ba ruwan ɗauraya. Ta sa su haka nan da kumfarsu.

"Ina za ki da jiƙaƙƙen kaya, ki ja a ce ba na kula da ke? Cire ki shanya."

Matar Kawu ta tare ƙofar fita. Gimbiya na zaune a dakali da kofin shayi, ta ce a hankali, "Mama, ki bar ta mana." Uwar ta watsa mata harara, Gimbiya ta mayar da kai kan shayinta. Minti nawa aka ɗauka ana wannan, Tsigi ba ta sani ba. Ta dai san ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin hannun matar, ta ji an fizgi wuyan rigarta ya yage, ta fita.

Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Siket na manne mata a cinya, sabulu na shiga idonta tare da gumi. A babban titi wata doguwar mota ta tsaya a gicciye tana juyawa, ta tare hanya. Tana tsallakewa ta ji ƙararrawa. Ta hango mai gadi ya riƙe ƙofar da ƙafa, yana yi kamar sakatar ce ta ƙi shiga, malamin ladabtarwa na tsaye a bayansa yana duban agogo. Kafin ta iso malamin ya ce, "Baba, rufe." Tsohon ya rufe.

Ta durƙusa a tsakuwa, ruwa na ɗiga daga rigarta. Ba ta yi kuka ba sai da ta ji sun fara waƙa.

A ofis, Malamar aji ta tsaya mata a gaban Shugaba.

"Ranki ya daɗe, dubi kayan jikinta. Malalaciya ce za ta sa jiƙaƙƙen yunifom ta taho da gudu? Mun ce wa mata in wannan ta faɗi 'yarki za ta hau, sannan muka bar mata makullin ƙofa. Me muke tsammani za ta yi?"

"Malama, mun je gidan. Kina wurin aka tambaye ta."

"A gabanta aka tambaye ta."

"Ba zan zargi matar dattijon coci da abin da ba ni da shaida ba. Kuma in na ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe ashirin za su zo da nasu labarin. Dokar ba ni na yi ta ba, hukuma ce, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta." Ta juyo wurin Tsigi, ta sassauta murya. "'Yata, ki ɗauki wannan a matsayin darasi. Ki kuma gode wa Allah, gurbin bai bar gidanku ba. Ki miƙa littattafan a sito kafin ki tafi."

Kyakkyawar niyya. Da ita aka buga takardar ziyara, da ita aka sha lemo, da ita aka ja layi goma ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya tambayi me ya sa hannun 'yar shekara goma sha uku ya faffashe. Matar Kawu muguwa ce, wannan ba a musu, amma ita kaɗai ba za ta iya ba. Sai da ta sami miji mai gugar kujera, da Fasto mai jin nauyin dattijo, da Shugaba mai tsoron a ce ta karya doka. Kowannensu ya kwana da zuciya fes. A rahoton ƙarshen shekara da aka aika wa masu ɗaukar nauyin yaran, an rubuta da alfahari cewa ba gida ko ɗaya da ya rasa gurbinsa.

Lahadin farko na hutu, Matar Kawu ta tashi a coci ta ba da shaida. Ta ce ta daɗe tana kuka a gaban Ubangiji saboda karatun 'yarta, ga shi ya buɗe hanya ta inda ba ta zata ba. Mata suka ce amin. Kawu na zaune a layin dattawa yana gyaɗa kai. Tsigi na benci na baya, riƙe da jakar matar.

Ranar da aka koma makaranta, ƙarfe shida da rabi Gimbiya ta fito cikin shuɗin yunifom, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ba ta iya haɗa ido da Tsigi ba. Ta matso kusa da ita a bakin famfo ta ce, "Ni fa ban ce ina so ba." Tsigi ta ci gaba da shara.

Matar Kawu ta fito da sabuwar jaka cike da littattafai, ta ɗaga ta ji nauyinta, ta miƙa wa Tsigi.

"Ajiye tsintsiyar nan. Ke kika san hanyar, ɗauki ki raka ta. Kuma ki ɗaga ƙafa, kada ki sa min 'ya ta makara."